YARO DA GANYE: YADDA ZA A SABA WA ƘANANAN YARA DA CIN KAYAN LAMBU

Zuwa ga masu gida da iyayen gida na ƙasar Jibiya da Magama, da 'yan'uwansu na ƙetaren iyaka. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, gama maganar ta shafi duk gidan da ke da yaro ƙarami.

1. DALILIN WANNAN TAKARDA

Ya mai karatu, in ka taɓa tsayawa a bakin hanya ran Lahadi, ran cin kasuwar Jibiya, ka ga abin da ƙasarku ta ke fitarwa. Ga kwandunan tumatir, ga buhunan albasa da na tattasai, ga kabeji da karas. Waɗansu sun nufi birnin Katsina, waɗansu kuwa sun bi ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Tun da aka gama madatsar ruwa a kan kogin Gada cikin shekarar 1989, noman rani ya sami wurin zama a nan. Kogin nan kuwa shi ne in ya ƙetare iyaka a ke kiransa Gulbin Maraɗi, mutanen can su ma suna lambu a bakinsa.

To, amma ka bi mai lambun nan zuwa gida da maraice. Za ka tarar da ɗansa ɗan shekara uku zaune gaban kwano, yana tsince ganye daga cikin miya yana jefa wa kaji. In an ba shi kwaɗon zogale ya ture, in an miƙa masa dafaffen karas ya rufe baki ya kau da kai. Uwa ta yi lallashi ta gaji, ta yi faɗa ta gaji, daga baya ta ce, "Ai shi ba ya cin ganye." Shi ke nan, sai a bar shi da gayan tuwo da koko. Uban ya ciyad da mutanen birane biyu da amfanin lambunsa, ɗansa na cikinsa bai amfana ba.

Domin wannan aka rubuta takardar nan. Za mu nuna maka amfanin ganye ga jikin yaro, da abin da ya ke sa yaro ya ƙi shi, da hanyoyin da aka jarraba aka ga suna sa ya karɓa. Ba mu ce ka sayi kome ba. Abin da a ke bukata yana cikin lambunka, ko bayan dangar gidanka.

2. ABIN DA GANYE KE YI WA JIKIN YARO

Tuwon gero da na dawa suna ba da ƙarfi, suna kuma kashe yunwa. Amma akwai waɗansu abubuwa 'yan ƙanana waɗanda jiki ba ya rayuwa sai da su, hatsi kuwa bai wadatu da su ba. Likitoci suna kiransu bitamin. Kamar gishiri su ke ga miya: kaɗan a ke so, amma in babu, an sani.

Na fari shi ne bitamin A. Ana samunsa cikin ganye mai duhun kore, kamar zogale da alayyafo da rama, da kuma abin da cikinsa ja ne ko ruwan ɗorawa, kamar karas da kabewa da mangwaro da gwanda. In ya yi ƙaranci a jikin yaro, alamar farko ita ce dundumi, watau da magariba ta yi sai yaro ya riƙa lalube yana tuntuɓe. In abin ya yi nisa ido ya kan bushe, ya yi gyambo, yaro ya makance. Har wa yau yaron da ba shi da isasshen bitamin A, ƙyanda da zawo sun fi yi masa illa. Wani likitan ido na Amurka, sunansa Alfred Sommer, ya gwada wannan a ƙasar Indonesiya. Cikin 1986 ya bayyana cewa a ƙauyukan da aka ba yara bitamin A, mace-macensu ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Na biyu shi ne sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi. Yaron da jininsa ya yi ƙaranci za ka ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, ba ya son wasa, ba ya saurin fahimta. Nama da hanta sun fi kome ƙarfe, amma wake da ganye su ma suna da rabonsu.

Na uku shi ne bitamin C, wanda ke cikin tumatir da tattasai da kabeji da lemo da gwaiba. Yana tsare dasashi, yana sa rauni ya warke, yana kuma taimakon jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin wake da ganye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cikin 2023 cewa yaro daga shekara 2 zuwa 5 ya kamata ya ci a ƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itace ko wace rana, watau rubu'in kilo, a rarraba cikin abincin yini. Kada adadin ya tsoratad da kai. Wanda ya fara da cokali ɗaya ya fi wanda bai fara ba.

Ka tuna da abin da ya faru a jihar Maraɗi cikin 2005. Ƙasar noma ce, kasuwanninta ba su rasa hatsi ba, duk da haka dubban yara suka kamu da tamowa, sai da aka kakkafa wuraren jinya. Tsadar abinci da talauci su ne manyan dalilai, ba mu musun haka. Amma abin ya koya mana cewa kasancewar abinci a gari daban, shigarsa cikin yaro daban.

3. ABIN DA YA SA YARO KE ƘI

Da yawa iyaye suna tsammani taurin kai ne, ko kuwa shagwaɓa. Ba haka ba ne, dalilansa uku ne.

Na ɗaya, tsoron baƙon abu. Jariri ɗan wata bakwai kusan kome aka sa masa a baki ya kan haɗiye. Amma da ya kai shekara biyu, ya fara yawo da ƙafarsa, sai ya soma ƙyamar abincin da bai sani ba. Wannan hali ya fi ƙarfi tsakanin shekara 2 da 6, sa'an nan ya ragu. Haka ya ke ga yaran duniya duka, na Jibiya da na Ingila. Masana suna ganin tsari ne gare shi, gama yaron da ya fara fita shi kaɗai, in da kome ya gani zai ci, da ya ci zaƙami ko 'ya'yan cini-da-zugu. Ka dubi ɗan akuyar da aka kai sabon wuri: ya kan sunsuna ciyawa ya bar ta, sai ya ga uwar tana ci kana ya sa baki.

Na biyu, ɗaci. An haifi ɗan Adam da son zaƙi da ƙin ɗaci, harshen yaro kuwa ya fi na babba jin ɗaci. Abin da kai ka ke ji ɗan bauri cikin zogale ko gauta, shi a bakinsa kamar maɗaci ya ke. Har cikin yara ma akwai bambanci. Cikin 1931 wani masanin haɗa magunguna a Amurka, Arthur Fox, yana aiki da wani gari, sai ƙurar ta tashi. Abokin aikinsa ya ce ɗaci ya dame shi, shi kuwa Fox bai ji kome ba. Da aka bincika, sai aka tarar abin gado ne: waɗansu mutane suna jin irin wannan ɗaci ƙwarai, waɗansu ba su ji. Kabeji yana ɗauke da dangin abin nan mai ɗaci. Saboda haka in wa ya ci, ƙane ya tofar, kada ka ce ƙanen ya fi rashin kunya. Watakila harshensu ne ba ɗaya ba.

Na uku, yadda abin ya ke a baki. Wani yaro yauƙin kuɓewa ne ba ya so, wani jijiyar rama ce ta ke maƙale masa, wani kuwa yaji ne ya taɓa ƙona shi, ya ɗora wa ganye laifi.

Kada kuma manya su manta da nasu labari. Tumatir da barkono da masara da gyaɗa da rogo duk asalinsu daga ƙasashen Amurka ne, ba su iso wannan nahiya ba sai bayan 1492. Zogale daga Indiya ya fito. Ko wanne akwai ranar da ya ke baƙo a ƙasar Hausa, kakanni suna dubansa da shakka. Yau wa zai yi miya ba tumatir? Abin da ya sa manya suka karɓa shi ne yawan gani da yawan ɗanɗanawa, shi ne kuma zai sa yaro ya karɓa.

4. HANYA TA FARI: A MAIMAITA

Wannan ita ce uwar dabaru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba yaro abu sau biyu ko sau uku, in ya ƙi a yanke hukunci a daina. Alhali kuwa yaro ya kan bukaci ya ɗanɗana sabon abu kamar sau goma, wani har goma sha biyar, kafin harshensa ya saba. Wata malama a Amurka, Leann Birch, ta nuna cikin 1982 cewa yara 'yan shekara biyu, gwargwadon yawan ɗanɗana abu gwargwadon son da su ke yi masa. Cikin 2003 kuma wata malama a birnin Landan, Jane Wardle, ta sa iyaye su riƙa ba 'ya'yansu ɗan kaɗan na kayan lambun da ba su so, kullum har kwana 14. Da kwanakin suka cika, aka tarar yaran sun ƙara sonsa, sun kuma ƙara ci.

Ga yadda za a yi a gida:

A zaɓi abu guda tak, misali kabewa ko alayyafo. Kada a haɗa baƙi biyu rana ɗaya.

A ba shi ɗan mitsitsi, kamar girman ƙwayar wake. Tulin ganye cikin kwano tsoro ya ke ba yaro.

A ba shi sa'ad da ya ke jin yunwa, kafin tuwo, ba bayan ya cika ciki da koko ko alewa ba.

A ajiye shi kusa da abin da ya riga ya sani ya ke kuma so.

In ya lasa ya tofar, a yaba masa, gama lasawa ma ɗanɗanawa ce, ta shiga lissafi. In ya ƙi sam, a ɗauke ba da faɗa ba, gobe a sake.

Uwa ta sami ƙwarya ƙarama, duk ran da yaro ya ɗanɗana ta jefa tsakuwa ɗaya. Kada ta ce "ba ya ci" sai tsakuwa ta kai 15. In ta kai bai karɓa ba, a bar wannan a kama wani, bayan wata biyu ko uku a komo. Yau da gobe ita ta ke sa allura ginin rijiya.

Mace mai ciki da mai goyo su ma suna da hannu a ciki tun da wuri. Ƙamshin abin da uwa ta ci yana isa ga ɗa tun yana ciki, yana kuma fita cikin nono. An gwada cikin 2001 a birnin Filadelfiya: matan da suka sha ruwan karas suna da ciki ko suna shayarwa, 'ya'yansu ba su yamutsa fuska ƙwarai ba sa'ad da aka fara ba su abinci mai karas. Saboda haka uwa ta ci ganye iri iri. Jariri kuwa nono zalla za a ba shi har wata shida. Daga nan a fara sa masa kabewa da ganye da aka tuƙe suka yi laushi, ana ci gaba da nono har shekara biyu. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

5. HANYA TA BIYU: A CI A GABANSA

Yaro da ido ya ke koyo. In maigida ya ce wa uwargida a gaban yara, "Yau ma ganye? Sai ka ce awaki!" to, ya rushe aikin kwana goma da baki ɗaya. Ya kamata maigida ya kira ɗansa, ya zaunad da shi kusa, ya ɗebi kwaɗo ya ci yana nuna jin daɗi, ba tare da ya ce masa "ci" ba. Sau da yawa ba za a jima ba sai ka ga ɗan hannu ya shigo kwano.

Al'adarmu ta cin yara kwano ɗaya tana da amfani a nan. Malama Birch ɗin nan ta gwada cikin 1980: ta zaunad da yaro tare da waɗansu yara masu son kayan lambun da shi ba ya so. Cikin kwana huɗu yawancin irin yaran nan suka fara zaɓen abin da abokansu ke zaɓa. To, a haɗa mai ƙi da yayyensa masu ci. Amma uwa ta zauna kusa ta sa ido, gama manyan yara sun fi saurin hannu, ƙarami ya kan tashi da yunwa. In ƙaramin bai kai shekara uku ba, a zuba masa nasa a ɗan kwanonsa, ya zauna cikinsu, domin a san iyakar abin da ya ci.

Kaka kuwa tana da makamin da uwa ba ta da shi, watau wasan jika. In ta ce wa jikanta namiji, "Kai maigidana, ashe ragon miji na aura, ɗan ganyen nan ya gagare ka?" ko ta ce wa jikanya, "Kishiya, bari in cinye in fi ki kyau," sai yaro ya sa hannu don ya ba ta kunya. Abin da faɗa bai yi ba, raha ta yi.

6. HANYA TA UKU: GYARAN DAFUWA

A cire wa yaro nasa kafin a zuba barkono. Yawancin abin da a ke kira ƙin miya, ƙin yaji ne.

A fara da masu zaƙi: kabewa, wadda waɗansunku ke kira kabushi, da dafaffen karas, da dankali. Akwai irin dankalin Hausa mai jan ciki kamar karas, wanda ma'aikatar binciken saiwoyi ta Umudike ta fitar cikin 2012 da 2013. Yara suna sonsa don zaƙi da launi, guda ɗaya ƙarami kuwa ya kan ishi yaro bitamin A na yini. Ka tambayi malamin gona ko za a sami irinsa. Bayan waɗannan a shigo da alayyafo, sa'an nan zogale da rama da yakuwa. Masu ɗaci ƙwarai, kamar ɗata da shuwaka, a bar su sai ya girma.

Ƙuli-ƙuli abokin ganye ne. Yana rufe bauri, yana ƙara gina jiki, man da ke cikinsa kuma shi ke sa jiki ya iya tsotsar bitamin A, gama wannan bitamin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Saboda haka duk ganyen da za a ba yaro a sa masa garin ƙuli-ƙuli, ko ɗan man gyaɗa, ko man ja, ko man shanu.

A yanka ganye ƙanana, a cire jijiya. Ana iya sa shi cikin fate, da dambu, da wake da shinkafa, da ƙwai in akwai. Amma kada a dogara ga ɓoyewa kaɗai. Ganyen da aka ɓoye cikin fate yana amfanin jiki, amma ba ya koya wa yaro son ganye, tun da bai san ya ci ba. A yi duka biyu: a sa cikin abinci, a kuma ajiye ɗan kaɗan a fili, a faɗa masa sunansa.

Kada a dafa ganye har ya yi baƙi. Ruwa kaɗan, wuta ta ɗan lokaci, tukunya a rufe. A rage kanwa, gama tana kashe waɗansu bitamin. Ruwan da aka dafa alayyafo ko kabewa a zuba cikin miya. In za a shanya zogale ko kuka ko rama domin rani, a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, gama zafin rana yana cinye amfaninsu. A matsa lemon tsami kaɗan a kan kwaɗo. Kada a ba yaro shayi tare da abinci, yana hana jiki tsotsar ƙarfe.

7. ABUBUWAN DA BA A YI

Ba a ɗura. Toshe wa yaro hanci a zuba masa abinci ganganci ne da rai, gama abincin yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu. Ko ya tsira, ya riga ya haɗa wannan abinci da azaba a ransa.

Ba a duka, ba a tsoratarwa da Dodo. An gwada an gani, yaran da aka matsa musu da "sai ka cinye" sun fi cin kaɗan, sun kuma fi ƙin abin daga baya. Aikin iyaye shi ne su zaɓi abin da za a ci da lokacin ci. Yawan abin da zai shiga cikin yaro, a bar wa cikinsa.

Ba a cinikin alewa. In ka ce, "Ci ganye in ba ka minti," ka koya masa cewa ganye wahala ne, minti kuwa lada. Yabo ya fi, ko tafi, ko tatsuniya da dare.

Ba a kiransa "maƙi-ganye" a gaban mutane. Sunan da aka laƙa wa yaro shi ya ke bi.

Ba a cika masa ciki da biskit da lemon kwalba tsakanin abinci. Garin kan iyaka ba ya rabuwa da irin waɗannan kaya, 'yan talla suna kai su har ƙofar gida. Harshen da ya saba da sukari da safe ba zai ji zaƙin kabewa da rana ba.

8. LAMBUN YARO

Yaro ba ya ƙyamar abin da ya shuka da hannunsa. Ka yanka masa ɗan fegi, taki ɗaya tsawo taki ɗaya faɗi, kusa da inda a ke alwala ko wanke hatsi, domin ruwan da ke zuba a banza ya yi aiki. Amma ban da ruwan sabulu da na makewayi. Ka ba shi irin alayyafo ya yafa, ka ba shi ɗan gwangwani na ban ruwa. Alayyafo ba ya wuce mako huɗu ko biyar ya isa tsinka, haƙurin yaro zai kai nan. Ran da aka tsinka, a dafa, a ce, "Yau miyar lambun wane za mu sha," maigida ya ci ya yi godiya. Ka kuma dasa zogale biyu ko uku jikin danga, ka riƙa sare kansa domin ya yi rassa inda hannu zai kai. A kare su daga awaki da ƙaya.

Wanda ba shi da fili, ko wanda rashin zaman lafiya ya raba shi da gonarsa ya zo ya zauna cikin gari, ya sami tsohon buhu. A cika shi da ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a huda gindinsa domin ruwa ya tsiyaye, a shuka alayyafo ko yakuwa a sama, a ɗora inda kaji ba su kai.

Akwai wani dalili kuma da ya sa lambun gida ya wajaba ga mutanen kan iyaka. An rufe iyakar nan cikin Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka sake rufewa cikin Agusta 2023, bayan juyin mulkin Nijar, har Maris 2024. Ko wane karo ciniki ya tsaya, kuɗi ya yi wuya a hannun mutane, cefane ya ragu. Wanda ke da zogale a bayan ɗaki, miyar 'ya'yansa ba ta jira kwastan ba. Kai kuma mai lambun sayarwa, kafin ka ɗaure kwando ka fid da na gida tukuna, mai kyau, ba wanda kasuwa ta ƙi ba.

9. A YI HATTARA

Abin da za a ci ɗanye, kamar latas da tumatir, a wanke shi sarai da ruwa mai tsabta. Lokacin da amai da gudawa ke gari, a dafa kome. A wanke hannun yaro da na uwa da sabulu kafin ci.

In ka yi wa lambu feshin maganin ƙwari, ka cika kwanakin jira da aka rubuta jikin kwalba kafin ka tsinka. Guba ta fi saurin kama ƙaramin jiki.

Yaron da bai kai shekara biyar ba, kada a ba shi gutsuren ɗanyen karas ko gyaɗa guda guda, suna iya shaƙe shi. A dafa, ko a goga, ko a daka. Ya ci a zaune, babba na kusa.

Duk abin da muka faɗa game da yaro mai lafiya ne, wanda ke cin sauran abinci, yana wasa, yana girma. Amma in yaro ya ƙi abinci duka, ko yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko yana dundumi, wannan ciwo ne, ba a jira tsakuwa ta cika. A kai shi asibiti ran nan. Ma'aikatan lafiya suna da ɗan ma'auni da su ke zagaya damtsen yaro da shi. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, akwai kuwa maganinta. Haka kuma in yaro ya ci wani abu sai leɓensa ya kumbura ko numfashi ya yi masa wuya, a hanzarta. Kada kuma a bar ɗigon bitamin A da a ke ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5, sau ɗaya cikin wata shida. Ganye ba ya hana karɓarsa.

10. TAƘAITAWA

Ƙin baƙon abinci halin ƙuruciya ne, yana wucewa. A ba da kaɗan, a maimaita har sau 15. Manya su ci a gaban yara. A rage yaji, a sa ƙuli-ƙuli. Ban da ɗura, ban da duka, ban da cinikin alewa. A yi wa yaro ɗan lambunsa, a kuma fid da na gida kafin na kasuwa.

Kai manomi ne, ka san ba a shuka yau a girbe gobe, ka san kuma ba a dukan shuka don ta yi saurin tsiro. Ban ruwa a ke yi safe da yamma, har ran da za a ga kore ya leƙo. Ka yi wa ɗanka haƙurin da ka ke yi wa albasarka. In ka gama karanta wannan takarda ka miƙa wa maƙwabcinka. Wanda ke da tambaya a kan iri ya nemi malamin gona, a kan lafiyar yaro kuwa ya je asibiti mafi kusa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka, amin.